Kififiyar Majinyaci

Ana gab da kiran sallar magariba Malama Sailuba ta fito daga zauren gidansu a Ƙofar Kibo, da bokiti mai murfi a hannu. Wanda ya gan ta zai ɗauka niƙa za ta kai. Ba niƙa ba ne. Kififiyar ƙaninta Nabil ce a ciki, kuma kududdufin da ke bayan ganuwa ta nufa da ita, ta sake ta a ruwa, ta dawo gida ta rage wa kanta wahala ɗaya.

Kififiyar ba irin ta rafukan ƙasar nan ba ce. Yona ne ya kawo ta, abokin Nabil na Wusasa mai kiwon kifin ado, bayan hatsarin babur ɗin da ya karya wa Nabil ƙashin baya ya bar shi a kwance. Ya ce asalinta daga kogunan Amurka ne. Girmanta bai wuce tafin hannun babban mutum ba, amma ƙoƙon bayanta cike yake da siraran layuka rawaya, suna lanƙwasa suna haɗuwa suna rabuwa kamar taswira. Shi kuwa Nabil aikin awon filaye yake yi kafin ya kwanta, irin mutanen nan da ko tuwo kuke ci sai sun zana maka hanya da yatsa a gefen kwano. Da ya ga bayan kififiyar sai ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da aka sallamo shi daga asibiti. Ya ce ai lungunan cikin birni ne aka zana mata, ya riƙa gaya wa Yona ga Limancin Kona can, ga Ƙofar Kibo nan.

Kyauta ta yi kyau, sai dai wanda ya ba da ita ba shi zai ja guga ba. Yona ya jero sharuɗɗa kamar mai ba da 'yarsa aure. Ba ta son ƙazamin ruwa, sai an riƙa canja mata akai-akai. Sai an fitar da akwatin gilashinta tsakar gida da hantsi, ta hau guntun itace ta sha rana, in ba haka ba ƙoƙon bayanta ya yi laushi ta mutu. Ba ta cin tuwo, ba ta cin shinkafa, sai dodon koɗi da fara da ƙananan kifi. Ya gama bayaninsa, bai daɗe ba ya sami aiki a Fatakwal ya tattara ya tafi. Famfon unguwar kuwa ya jima da zama wurin shanya tsumma. Duk ruwan da kififiyar nan ta yi iyo a ciki, daga rijiya ya fito a kan ƙashin bayan Sailuba.

Ita Sailuba mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, ta dawo gidan iyayenta tana koyarwa a wata firamare a Limancin Kona. Da Nabil ya kwanta dangi suka cika gidan, kowa yana cewa za a riƙa karɓa-karɓa. An shiga damina ta uku yanzu, karɓa-karɓar ta koma gaisuwa ta waya. Ita ce mai wanke shi, ita ce mai juya shi kada kwanciya ta ci masa baya, ita ce mai ba shi kunu a cokali, ita ce mai wanke zannuwan gado kafin ta tafi makaranta ta tsaya gaban yara tana hamma. Hannunsa na hagu kaɗai ke ɗan motsi, amma bakinsa lafiya lau. Yaya, ruwa. Yaya, juya ni. Yaya, kin fitar da ita rana? Tana son ƙaninta, wannan ba abin musu ba ne, ita ta goya shi yana jariri. Amma ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya wanke ta.

A ranar da abin ya faru, tana ɗauke da akwatin gilashin za ta mayar ɗaki da la'asar sai santsin gansakuka ya kwashe ta a bakin rijiya. Ta zube a kan ƙugunta, gilashin ya tsage, ruwa ya malale mata a jiki. Ta daɗe a zaune a ƙasa ba ta iya tashi ba. Can sai muryar Nabil ta fito daga ɗaki, a firgice, yana tambaya ko kififiyar ta ji ciwo. Ita kuwa bai tambayi lafiyarta ba. Ba don mugunta ba ne, ya saba Yaya ba ta faɗuwa. Amma maganar ta soke ta inda ba ta zata ba, ta zauna cikin laka tana kuka a hankali kada ya ji. Da ta share hawaye ta ce masa kififiya lafiyarta ƙalau, za ta ajiye ta a bokiti a tsakar gida kafin a gyara akwatin. Ta jira har ta ji numfashinsa ya yi nauyi, sannan ta zura hijabi.

Kada wani ya ce Sailuba ba ta sani ba. Ta sani. A gidansu ta tashi ta ji mahaifiyarta tana faɗa, kamar yadda tsofaffin lungun suke faɗa, cewa dabbar majinyaci ba ta barin gida muddin yana kwance. Ko kaza ce, ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, balle a kai ta bakin ruwa rana na faɗuwa, domin abin da ya karɓi dabbar ba ya tsayawa a kanta. Maganar ta faɗo mata tun tana zaure. Ta ce a ranta camfi ne, ita da take hana yara irin waɗannan zantuka a aji. Ta ja ƙofa ta fita.

Lungun yana warin kwata da hayaƙin itace. An yi ruwa da rana, ƙasa ta yi taɓo, silifas ɗinta suna mannewa suna ɓallewa. Mai awara a kusurwa tana kwashe kaskonta. Maza suna tsugune a bakin masallaci da butoci, babu wanda ya ɗaga kai ya dube ta. A cikin bokiti kififiyar tana karce roba da faratanta, ƙyar, ƙyar, ƙyar. Ƙugun Sailuba yana zogi a kowane taki.

Ta bi ta inda ganuwa ta zube ta zama tudun jar ƙasa, ta gangara. Gidaje suka ƙare a bayanta. Kududdufin ya cika ya batse da ruwan damina, kainuwa ta rufe rabinsa, ledoji suna yawo a gefe. Daga nan ta ji ladan ya ɗaga murya, amma kiran ya zo mata a dushe, kamar daga wata unguwa mai nisa.

Sai da ta kai bakin ruwan ta lura babu kukan kwaɗi. A irin wannan lokaci na shekara, kududdufin nan ba ya barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Yau shiru. Ko sauro bai taɓa ta ba.

Sauti ɗaya ne kawai. Wani yana wanki.

Mace ce, a tsugune a kan wani dutse, ta ba ta baya. Ta lulluɓe kanta da tsohon zane mai duhu. Tana jawo wani ƙyalle daga ruwa, ta cuɗa, ta matse, ta sake jawowa. Sailuba ta ji haushi kafin ta ji tsoro, domin ba ta so kowa ya ga abin da ta zo yi ba. Amma tarbiyya ta riga tunani, ta ce mata sannu da aiki.

Matar ba ta juyo ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, a jiƙe.

"Yauwa, Sailuba. Kin kawo?"

Sailuba ta tsaya. Ta duba ko wata ce daga lungunsu, ta kasa gane bayan. Sai idonta ya sauka a kan abin da ake wankewa. Zanin gado ne fari mai shuɗin fure. A gefensa akwai faci da baƙin zare, domin ranar da ta ɗinke shi farin zare ya ƙare mata. Da hannunta ta shimfiɗa wa Nabil shi yau da safe.

Ta nemi addu'ar da take karantawa kullum in za ta fita, ta ji farkonta, ta rasa sauran.

"Matso," in ji matar. "Ni ba na ɗauka. Sai an ba ni."

Da gudu ya kamata ta yi. Ita ma daga baya ta sha tambayar kanta abin da ya hana ta. Gaskiyar magana ita ce ƙafafunta sun gaji, kuma muryar tana da taushi, irin taushin da ta daɗe ba ta ji wani ya yi mata magana da shi ba. Ta durƙusa a bakin ruwan. Ta buɗe bokiti. Ta ɗauko kififiyar da hannu biyu.

Wannan dabba matsoraciya ce. Inuwar tsuntsu ta gifta, sai ta faɗa ruwa ta nutse. Yau ga ruwa iya ganinta, amma ta miƙe wuya baya, ta kafa faratanta a wuyan hannun Sailuba ta riƙe.

Wani hannu ya miƙo daga ƙarƙashin zanen. Tsakaninsu akwai tazarar da hannun mutum ba zai kai ba, amma ya kai. Fatarsa fara fat, a yamutse, kamar ta wanda ya kwana da hannu a ruwa. Yana warin laka da ruɓaɓɓen ganye. Yatsa ɗaya ya sauka a gefen ƙoƙon kififiyar.

"Ban san hanya ba," in ji matar. "Lungunanku sun yi yawa. Amma ga ta kin kawo mini."

Yatsan ya fara bin layi.

"Nan ganuwa. Nan masallaci. Nan mai awara."

Sailuba tana kallo. Hannuwanta suna sauka a hankali, ba ta san ko ita ke saukar da su ba. Ƙafafun kififiyar na baya suka taɓa ruwa. Sanyinsa ya ratsa ta har haƙora.

"Nan zaurenku. Nan rijiya, inda kika faɗi. Ba wanda ya ɗaga ki."

Ruwan ya fara hawa bayan kififiyar. Bai rufe shi gaba ɗaya ba. Layukan yake bi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ruwan sama ke cika kwatoci lungu-lungu.

"Kin gaji, ko?"

Tun da Nabil ya kwanta ba wanda ya yi mata wannan tambaya. Ana ce mata sannu, ana ce mata Allah ya ba da lada, ana ce mata ita jaruma ce. Hawaye suka zubo mata masu zafi.

"Na gaji," ta ce. "Wallahi na gaji."

"To saki. Ba wannan 'yar dabba ce ta gajiyar da ke ba, ni da ke mun sani. Buɗe hannu kawai. Yau ki yi barci har rana ta fito."

Sai Sailuba ta ga barcin. Ta gan shi sarai. Ɗaki shiru, ba mai kira, ba zanin da za a wanke, ba warin fitsari, ba guga. Ta ga kanta ta tashi da hantsi ta sha shayi a zaune. Daɗin abin ya kama ta har ta ji kunya, kuma duk da kunyar daɗin bai tafi ba.

Yatsunta suka fara sassautawa.

Ruwa ya kai tsakiyar ƙoƙon.

Ya wuce.

Ya kai wuyan kififiyar.

Yatsan matar ya tsaya a kan wani ɗan zagaye kusa da wuyan. "Nan ɗakin," ta ce.

A ƙarƙashin kainuwa wani abu ya yi tari. Tarin mutum ne wanda ruwa ya shiga masa hanci, wanda ba ya iya ɗaga kansa. Ta san tarin nan. Ta sha tashi a kansa daga barci.

Bai ce Yaya ba. Tari kawai yake yi.

Sailuba ta damƙe kififiyar ta fizge ta daga ruwa, ta manna ta a ƙirji. Sunan Allah ya ɓalle daga bakinta da ƙarfi, ba ta san lokacin da ya dawo mata ba.

Wankin ya tsaya.

Matar ta fara juyowa.

Sailuba ba ta jira ta ga fuskar ba. Ta yunƙura, sai ta ji an riƙe gefen hijabinta. Riƙon ba na fizga ba ne, ja ne a hankali, mai nauyi, zuwa ruwa. Wuyan hijabin ya shaƙe ta. Ƙafarta ɗaya ta zame cikin laka har gwiwa.

"Kin riga kin faɗa," in ji muryar, dab da kunnenta. "Na ji. Shi ma ya ji."

Ta sunkuyar da kai ta zame daga cikin hijabin, ta bar shi a hannun da ya riƙe shi. Ta bar bokiti. Ta bar silifas. Ta hau tudun ganuwa da gwiwoyi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kififiya. A bayanta kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

An idar da salla ke nan mutane suna fitowa, suka ga Malama Sailuba, wadda ko gefen gashinta ba a taɓa gani ba, ta keto lungu a guje, ba hijabi ba takalmi, laka har cinya. Wani dattijo ya kira sunanta. Ba ta tsaya ba.

Tun daga zaure ta ji warin. Warin kududdufi ne, a cikin gidan da ko ɗigon ruwa bai shiga ɗakunansa ba. Ta banka ƙofar ɗakin Nabil ta haska fitilar waya. Ƙasan ɗakin a bushe yake. Amma katifar ta jiƙe sharkaf, rigarsa ta jiƙe har wuya, ga ganyen kainuwa guda a kan ƙirjinsa. Zanin gadon babu shi, a kan ledar katifa yake kwance. Idanunsa a buɗe, bakinsa a buɗe, iska ba ta shiga.

Ta ajiye kififiyar a ƙasa, ta juya shi gefe kamar yadda ta saba, ta riƙa dukan bayansa tana kiran sunansa. Sai da ta fara fid da rai sannan ya amayo ruwa, kore, mai yauƙi, ya ja numfashi mai ƙara. Ta rungume kansa. Daga nan ta tashi ta ɗora ruwan zafi, ta wanke shi, ta canja masa kaya, domin ko an dawo daga bakin kabari aikin yana nan yana jiran mai yinsa.

Zazzaɓi ya kwantar da ita kwanaki, wata maƙwabciya, Inna Maimuna, ta riƙa shigowa tana taimakawa. A lungu an yi ta magana, wasu suka ce gamo ta yi, wasu suka ce wahalar jinya ce ta taɓa mata kai. Dangi suka zo suka cika gida, suka sake yin alkawarin karɓa-karɓa, suka tafi. Ta sa aka liƙe akwatin gilashin, kififiya ta koma ruwanta. Sailuba ba ta ƙara bin hanyar ganuwa ba, ko da rana tsaka, ta gwammace ta yi dogon zagaye zuwa makaranta.

Sai wata safiya tana ba shi kunu, Nabil ya kawar da baki daga cokali.

"Yaya, na ji abin da kika ce a bakin ruwa."

Ta buɗe baki za ta yi rantsuwa, za ta ce ba haka take nufi ba, sai ta tuna cewa da wallahi ta faɗe shi.

"Da kin saki," ya ce a hankali, "da ban ga laifinki ba."

Ta yi kuka, ta roƙe shi gafara, ya ce babu abin yafewa, kuma ta ga a idonsa da gaske yake. Wannan ya fi mata ciwo a kan ya zage ta.

Tun daga ranar Nabil bai sake kiranta ba. Ƙishirwa ta kama shi, sai ya haɗiye miyau ya jira. Gefensa ya yi tsami, sai ya cije leɓe ya jira. Gidan ya yi shirun da aka yi mata alkawari a bakin kududdufi, amma barcin bai zo tare da shi ba. Yanzu ita ce take farkawa ba a kira ta ba, ta taka zuwa ƙofar ɗakinsa da kofin ruwa a hannu, ta tsaya tana saurare ko yana numfashi, tana roƙon Allah ya sa ya buɗe baki ya ce Yaya.